Na'urarku ta ce Zainabu ta warke

Zuwa ga Shugaban shirin yaƙi da tamowa mai kula da gidajen likita na yankin Balbeji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Mariyama, uwar Zainabu, daga wani ƙauye arewa da Tarka. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga karatun manya, saboda haka ka yi haƙuri da rubutuna. Kukana ne bai iya jira.

Na ɗaya. Bara Zainabu ta yi tamowa, kuka ba ta ledojin abincin gyaɗa har ta murmure. Ban manta alherin ba. Bana da bazara zawo ya sake kayar da ita. Na goya ta zuwa likita ranar awo, aka ɗaura mata ma'auni mai launi a dantse, ya faɗa kan ja, alamar tamowa mai tsanani. A gabana majo, babban ma'aikacin gidan likitan, ya rubuta a na'urar tabulet ɗinku, ya ce in dawo mako mai zuwa, lokacin mota ta kawo kaya.

Na biyu. Da na dawo, mai rabon abinci ya buɗe na'ura, ta nuna Zainabu tana kan tsanwa, an sallame ta tun bara. Awon da aka yi a gabana babu shi. Ya ga yarinyar da idonsa, amma an hana shi fitar da ko leda guda sai na'ura ta yarda.

Na uku. Majo bai ɓoye mini ba. Rezo, wato sabis ɗin waya, a wajenmu sai ya ga dama. Da zarar ya zo, na'urar da kanta take share duk abin da ke cikinta, ta ɗebo bayanin da ke ajiye a Damagaram ta zuba, ba ta tambayi kowa ba. Ashe sa'ad da yake rubuta awon 'yata, ita tana can ciki tana shara. Sabon ya bi shara, tsohon ya dawo ya zauna. Ya sake rubutawa, amma yanzu sunan ya fito biyu, wai sai daga Damagaram za a warware. Mako uku ke nan.

Ranka ya daɗe, rijiyarmu zurfi gare ta. Ranar da ake yasarta, ƙaya ake gittawa a bakinta, ba mai zura guga sai na ciki ya fito. Mu da ba mu yi lakkwal ta boko ba ma mun san ba a yasa ana ɗiba. Waɗanda suka ƙera wannan abu, me ya hana su sa masa ƙaya?

Roƙona: a gaya musu na'ura ta jira mai rubutu ya gama, kuma kada ta zubar da abin da ba ta aika ba tukuna. Kafin nan, a bar majo ya ba da abinci da shaidar idonsa. Ban san mata nawa suka koma gida shiru kamar yadda na koma ba.

Akwai awarwaron da kakarta ta sa mata ranar suna. Da a wuyan hannu yake tsayawa. Jiya na ɗaga hannunta, ya zame har hammata.

Allah ya raya maka naka, ya sa kada ka taɓa auna dantsen ɗanka da yatsu biyu.

Wassalam.

Mariyama, uwar Zainabu