Ƙullin da Na Yi wa Surukai

Kesennuma, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Tokie, Maman Kanae,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ƙafar Mama mahaifiyarki kuma tana samun sauƙi. Ki ce mata "wancan mai ƙarnin kifin" yana gaishe ta.

Mu ma lafiya, ban da shinkafar da na ƙona sau biyu. Kada ki damu da tsarabar da za mu kai gidan su Ryohei ranar Lahadi. Kanae ta so a kai kanti a naɗe, na ƙi. Gaisuwar farko ga gidan da 'yarka za ta yi aure, ai hannun uba ya kamata a gani. Na ɗebo takardun nan da kika yi da ɓawon itace. Biyu sun yage, ɗaya ta sha miya, ta huɗu ta naɗe akwatin ganyen shayi tsaf. Zaren ja da fari kuwa na yi masa ƙulli mai kunne biyu kamar malam-buɗe-littafi. Na ɓoye, sai a can Kanae za ta gani. Kin auri mai fasaha, makaranta ce kawai ba ta gane ba.

Naki,
Shigeru

8 ga Oktoba

Maman Kanae,

Ina gaisuwa, ya mai jiki? Ki zauna kafin ki karanta.

Mahaifiyar Ryohei, Uwargida Kuramochi, ashe shekara talatin tana koyar da ladabin zama da karɓar baƙi. Ta karɓi akwatin, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ƙulli mai sauƙin kai." Ni ko har da godiya.

A mota Kanae ta ce, "Baba, ƙullin barkar haihuwa ka yi. Ja ɗaya ya kwance, a sake ɗaurawa, don abin ya maimaitu. Na aure ba ya kwantuwa. Ka je gidan mutane kana yi min fatan aure biyu, uku." Na ce ai ban kai huɗu ba. Ba ta yi dariya ba.

Jiya Ryohei ya bugo waya, wai mahaifiyarsa ta ce a dakata da sa rana sai ta ƙara nazarin gidanmu. Kanae tana ba ni abinci, amma ba ta kallona. Tokie, na saba a yi min dariya, ban saba a yi kuka saboda ni ba.

Mijinki mai laifi,
Shigeru

15 ga Oktoba

Maman Kanae,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Mama.

Tsohuwa Chiyo ta maƙwabta ta koya min ƙullin aure, tana yi tana ce min "kan kabewa". Na sayi sabon shayi da akwatin katako, na naɗe, na zagaya zaren sau huɗu, na ja shi da hannun da ya shekara arba'in yana jan taru. Na koma ni kaɗai, na kai goshi tabarma.

Uwargida ta sa farce, ƙulli ya ƙi. Ta gwada ta zame zaren ta gefe, ko motsi. Mijinta ya miƙo almakashi, ta ce, "Maigida, a maganar aure za ka kawo min abin yanka?" Sai ta rufe baki da hannun riga, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta ɗora akwatin a gurbin ado na falo, ta ce nan zai zauna, ba mai buɗe shi muddin tana da rai. An sa rana, watan Afrilu. Kanae har da ƙara min kifi a kwano.

Saura magana ɗaya. Da na dawo gida, na tarar da ganyen shayin a kan tebur, inda na ajiye shi don in goge akwatin. Kada ki gaya wa Kanae. In kin je wurin ibada, ki roƙa wa Uwargida Kuramochi tsawon rai.

Naki har kullum,
Shigeru