Ƙafar Basbusa

Daren Laraba, unguwar Mohandessin

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, bakina ne ya jawo mana. A gida na ce ƙawata ce ta ba ni Basbusa lafiyarta lau, don Baba ba zai yarda da kyanwar titi ba. Amma a gaban likitar dabbobi, ni da ko baƙo ba na iya gaidawa, sai na zage da labari kamar a littafin soyayya: yadda na tsince ta ƙarƙashin matakala tana ɗingishi, muka haɗa ido. Ashe rubutawa take yi!

Yanzu kamfanin inshora sun ce ciwon ya girmi rajistar da muka yi mata da su, ba za su biya aikin ƙafar ba. Na kira su, wani ya ce mini "ma'alish", wato in yi haƙuri, har sau uku. Ma'alish ɗin ne zai gyara ƙafa?

Kwana huɗu wasiƙarsu na ɓoye cikin littafina. Ɗazu Baba ya ce, "Ummi, jibi ne aikin ko? Ai inshora ta ɗauke mana."

Yau Basbusa ta kasa hawa gadona. Khalas, shi ke nan. Gobe da safe zan miƙa wa Baba wasiƙar, ya yi faɗansa.