Ranar Da Ka Miƙa Mini Makullin Mota

Zuwa ga Wendell, mijina, sanyin idanuna, inuwar da na zaɓa na bar ta gidanmu, ruwan da na sha na ƙara jin ƙishi.

Ka tuna safiyar nan? Ni kam kullum da ita nake farkawa. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan tsaunukan Vermont na Amurka, hanya duk taɓo, ka tsaya a bakin mota kana murmushin nan naka mai karkata gefe guda, ka ce, "Ungo, sarauniya, yau ke ce direba. Ni ɗan rakiya ne." Kai da ba ka taɓa bari na taɓa sitiyarin motarka ba! Wayyo ni, Solange, sarkin wauta! Zuciyata ta yi fari tas kamar filin da ba a taka ba. A littattafan soyayyar da na cika gefen gadonmu da su, idan namiji ya miƙa wa mace abin da yake ji da shi, ransa ya miƙa mata. Na karɓi makullin nan kamar zobe na biyu.

Ka san abin da ke jiranmu a ƙetaren iyaka, a gidanmu na Quebec a Kanada. Likita ya ce Baba ba zai ga wata kakar dafa maɗi ba. Duk da haka ya sa aka huda bishiyoyin mapul masu ruwan zaƙin da ake dafawa ya zama maɗi, aka rataya bokitai, aka hura wuta a bukkar da kakansa ya gina, don surukinsa ya zo ya juya tukunya sau ɗaya, kamar yadda kowane namijin da ya auri 'yar gidanmu ya yi. Tun aurenmu kake kauce wa Quebec: yau aiki, gobe ciwon baya, jibi Faransancinka ba ya fita. Ni kuwa na ce kunya ce irin ta jaruman littafi, masu zurfin ciki kamar tafkin da ya daskare. Ashe zurfin nan akwai abin da ke kwance a ƙasansa.

Jami'ar iyaka ta karɓi fasfo ɗinmu, ta jima tana duba naka, ta ce mu gyara fakin mu shigo ciki. Ta tambaye ka ko an taɓa yanke maka hukunci kan tuƙi cikin maye. Kafin ka buɗe baki har na fara dariya. Sai na ji muryarka, muryar nan da ke rera mini waƙa a kicin, tana cewa, "Amma ai yau ba ni nake tuƙi ba, ranki ya daɗe. Ga direba nan." Ta ce, "Malam, ba motar ake hana wa shiga ba. Kai ake hanawa saboda hukuncin nan, ko a ƙafa ka zo."

Ga direba nan! Ashe ni ce dabarar. Ashe wani abokin shan giyarka ne ya ce maka in ka zauna a kujerar gefe za a ɗaga maka hannu ka wuce. Ba zuciyarka ka miƙa mini ba, masoyina, ni ka miƙa musu, ka ɓuya a bayana. Da me zan kwatanta wannan? Da furen da ya buɗe da wuri, sanyi ya dawo ya ƙone shi? Da ƙanƙarar kogi mai kyan gani wadda ke karyewa sai ka kai tsakiya?

Na juya mota na mayar da kai gidan mai na ɓangarenku. Kana ta cewa abin ƙuruciya ne, shingen gona kawai ka buge, ba a kashe kowa ba. Ni kuwa na san kwalaben giyar da ke bayan gwangwanayen fenti a garejinmu ba na ƙuruciya ba ne.

Na isa gidan Baba ni kaɗai. Hayaƙi mai zaƙi na fita daga rufin bukka, yara na naɗe maɗi a kan dusar ƙanƙara da 'yan sanduna. Yayata Ginette ta leƙa bayan mota ta ce, "To, ina Ba'amurken naki? Ko a but ɗin mota kika saka shi?" Baba na zaune cikin bargo, babban ludayin a kan cinyarsa, ga kujera a gefensa babu kowa. Ya dubi ƙofa, ya sake duba, sannan ya ce wa Ginette, "Ɗauke kujerar nan, 'yata, tana tare hanya." Da ya zage ka da ya fi mini sauƙi.

Yanzu kullum kana kira: gidan ya yi shiru, ba ka iya barci, in dawo. Kana tsammani ni ina iyawa? Har yanzu rigarka mai ƙanshin itacen fir nake rungumewa. Ina sonka kamar yadda ruwan bishiya ke hawowa da bazara, ba ya shawara da kowa. Amma jami'ar nan ta faɗa a gabanka cewa akwai hanya: a nemi izini tun daga gida, a faɗi gaskiya, a jira. Shekaru kana da wannan hanya, ka gwammace Baba ya ɗauka raina shi ka yi, da ka tsaya gaban wani ka ce, "Na yi."

Ba zan kalli wani namiji ba, Wendell, ko da gashina zai yi fari a bakin tagar nan. Zobenka na hannuna, a nan zai tsufa. Ni taka ce yau, taka ce gobe.

Amma ba zan ƙetaro ba. Ina nan wurin Baba har ƙarshensa, bayansa ma ina nan. In kana so na, ka zo ta ƙofa, da sunanka, da ƙafarka. Motar tana wurina.

Matarka,
Solange