Hannun Ummi Bai Kai Kunne Ba

Gubuchi, ranar Talata

Abban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Ibadan, ya kasuwar rake, ya haƙuri da kewar gida? Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ka, ƙafar tasa ta yi sauƙi har ya koma gona.

Na ba Sani direba wannan takarda ne domin abin da ke cina ba zai faɗu a waya ba, mahaifinka na tsakar gida yana jin komai. Yaya Rashida ta zo daga Zariya, ta sake tayar da maganar tafiya da Ummi, ta sa ta a makarantar nasare tare da 'ya'yanta. Ta ce a birni tun yaro na shekara uku yake riƙe fensir, mu nan mun bar namu suna bin kaji. Ban ce ƙarya ta yi ba, kuma na san yayarka da alheri take nufi. To ni fa? 'Yar fari ce, kunya ba za ta bar ni in ce a'a ba. Murmushi kawai nake yi.

Na ji an buɗe ajin ƙananan yara a firamaren garinmu, wanda ake ce wa ajin share fage. Na roƙi Baba a gwada nan tukuna. Ya ce in sun karɓe ta ta zauna, in sun ƙi ta bi gwaggonta ƙarshen wata. Sai ya kira Ummi, ya sa ta ɗora hannun dama ta saman kai ta kamo kunnen hagu, wai da haka ake ɗaukar yaro makaranta. Wallahi hannun bai ko kusa ba! Kai ta gado, da gajerun hannuwan nan naku. Kullum in na yi mata wanka sai in shafa mata man kaɗanya a hannun in yi ta ja, har yanzu in ta hango ni da kwalbar sai ta ruga bayan rumbu.

Ka taya ni da addu'a, don Allah.

Taka,
Mukarrama

Gubuchi, ranar Alhamis

Abban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan. Saƙonka ya iso, Allah ya ƙara buɗi, takalman sun yi mata cif.

Alhamdu lillahi, an karɓi Ummi! Bari in ba ka labarin daga farko, don har yanzu in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Ranar Litinin muka tafi, Baba a gaba, ni da ita a baya. A hanya ne ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, ƙila kai ma ba ka sani ba. Ya ce shekarar da aka yi ta kwasar yara zuwa makaranta kyauta, an jera su a ƙofar gidan mai gari, hannunsa ya kasa kai kunne, aka ce ya dawo baɗi, yara suka yi masa dariya. Kafin baɗin an miƙa masa fartanya, shi ke nan. Ya ce ba ya son a kunyata jikarsa haka a gaban jama'a. Ni da nake ta jin haushinsa a raina, sai jikina ya yi sanyi.

Muka tarar da malamar ajin, Malama Ummuhani, 'yar Makarfi ce, zaune kan tabarma da yara kewaye da ita suna ƙirga murafen kwalba. Ko gaisuwa ba mu gama ba, Ummi ta ɗora hannu a ka tana ta nishi, ta saba. Malama ta tambayi abin da take yi, na yi mata bayani kaina a ƙasa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ba Baba haƙuri, ta ce ai an daɗe da barin wannan awo, kuma ajin nan don waɗanda hannunsu bai kai ba aka buɗe shi. Ka ji fa! Ashe duk wahalar banza na ba yarinya, ga asarar man kaɗanya.

Da aka zo faɗin suna na yi shiru, ka san sunan marigayiya mahaifiyarka ta ci, ba zai fita bakina ba. Baba ne ya faɗa. Muna fitowa ya tsaya bakin taga yana leƙen su, sai da na yi gyaran murya ya tuna da gona.

Ajin ba wani abin a zo a gani ba ne. Babu kujeru, yaran sun yi wa malama ɗaya yawa, kuma na san bai kama ƙafar na Zariya ba. Amma jiya Ummi ta dawo da waƙar wanke hannu, ta hana Baba taɓa tuwo sai da ya wanke nasa da sabulu. Shi ne ma ya kira Yaya Rashida da kansa, ya yi mata godiya, ya ce jikarsa ta sami makaranta a gida. Ni kuwa ina ta tankaɗe kamar ban ji ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun makon jiya na haɗa mata kayanta a jaka na tura ƙarƙashin gado, don kada in haɗa su a gaban mutane ranar tafiya. Yau da ta tafi makaranta na jawo jakar, na mayar da rigunan cikin akwatina, na zauna na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa.

Ka gaishe da abokan zama. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Mukarrama