Na Zubar da Gawar Ɓerayen 'Yata

Anti Helvi, ki agaza mini kafin ƙanƙara ta narke, na tafka ta'asa kuma na rasa mafita.

'Yata Tuuli ma'aikaciyar jinya ce, shekararta talatin da huɗu, amma ɓeraye take kiwo a ɗaki. Ɓeraye fa, masu jelar nan tsirara! Suna hawa kafaɗarta, tana ba su kunu da cokalin shayi, har sumbatar su take yi. Ni ko kofi a tsaye nake sha a gidanta. Na dai kawar da kai, don tun da aurenta ya mutu su kaɗai ke sa ta dariya.

A watan Fabrairu ta tafi kwas na mako guda, ta bar mini makulli in riƙa zuba musu abinci. Ni kuwa hannuna ba ya zama, sai na ce bari in gyara mata firiza. Can ƙarƙashin kifi da naman daji na tarar da kwalin takalmi. Ina buɗewa sai ga ɓeraye biyu matattu, sun daskare, kowanne a naɗe cikin safar ulun da na saƙa mata da hannuna. Daga firizan nan fa aka ciro kifin da na ci ranar Kirsimeti! Ban tsaya tunani ba na jefa kwalin a bola, washegari motar shara ta kwashe.

Da ta dawo na ja bakina na yi shiru. Sai makon jiya take gaya mini, tana hawaye, wai akwai ɓerayenta biyu a firiza, sunansu Nappi da Rusina, sun mutu a tsakiyar hunturu lokacin da ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa, shi ya sa ta adana su. A watan Mayu in ƙanƙara ta narke za ta binne su a gidanmu na bakin tafki, gindin bishiyar da marigayi babanta ya dasa, kuma tana so in tsaya kusa da ita. Rabon da yarinyar nan ta roƙe ni wani abu har na manta.

Na ji akwai shagon da ke sayar wa masu kiwon maciji daskararrun ɓeraye. Safa ina da ita. In sayo biyu in mayar? Ɗaya dai fari ne, ɗayan ban tuna ba.

Uwa mai karambani, daga garin Kajaani

Amsa:

'Yar'uwa, wasiƙarki ta sa na cire tabarau na sake gogewa, musamman ƙarshenta. Kada ki kuskura ki taka shagon nan. Wadda ta raini dabba shekara biyu ta san kowane ɗigo a jikinta, kuma za ta buɗe safar ta yi bankwana. Ranar za ki rasa abin da ya fi ɓera.

Ban ga laifinki a firgita ba, ya kamata Tuuli ta yi rubutu a jikin kwalin. Amma firizanta ne, abinci aka ce ki zuba, kuma shirun da kika yi ya fi zubarwar muni.

Ki je yau, kafin ita ta leƙa firizan. Ki faɗi abin da kika yi ki ba ta haƙuri, kada ki sako zancen kifi. Za ta yi fushi, ki bar ta ta yi. In Mayu ta zo ki ɗauki shebur ki haƙa ramin da kanki, ko da kwanon abincinsu kawai za a sa a ciki.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ke kuma ya ba ki ƙarfin buɗe baki.

Anti Helvi