Haƙorin da Bai Fito Ba

Daren Laraba, a asibiti.

Tunda jikin Nabila ya ɗau zafi nake sa yatsa ina taɓa dasashinta, don Goggo ta ce, "Haƙori ne, 'yar nan, kowane yaro sai ya yi." Na yarda, don abin da nake son ji ke nan.

Yau ta ƙi kama nono, idanunta suka kakkafe. Na sungume ta na hau acaɓa daga Ƙofar Dumi, ko takalmi babu.

Likita bai yi faɗa ba. "Maman Nabila, tun ranar da ta rage tsotso ya kamata ku zo," ya ce, ya kau da kai.

Ana mata ƙarin ruwa, ko kuka ba ta yi. Ɗazu na sake taɓa dasashin. Babu komai.