Da Zarto Na Fara, Ko Da Guduma?

Litinin, 3 ga Fabrairu

Manaja ('yata ke nan, yanzu har ni haka nake kiranta) ta ce kamfanin kujerunmu zai sami shafi a intanet, kuma dole a sa tarihinsa. Wai masu saye suna son labari. Na ce labari ai a bakina yake. Duk wanda ya kama aiki a nan, ranarsa ta farko sai na tsayar da shi gaban tsohon teburin aikina na gaya masa yadda na fara, kafin ya taɓa ko ƙusa. Ta ce, "Shi ya sa, Baba. Za a zo a ɗauki muryarka."

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mai shafin ta zo. Sa'ar Manaja ce, tana da ladabi. Ta ajiye waya a kan tebur, na zuba mata: zarto ɗaya tal, rumfar kwano a bayan tasha, ruwan sama yana yoyo a kan katako, aikin farko bencin makaranta. Ta ce, "Baba, wannan zai ratsa mutane." Ai na sani.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ashe mai shafin ta zagaya wurin ma'aikata ma. Wa ya aike ta?

Talata, 11 ga Fabrairu

Manaja da mai shafin sun shigo ofis su biyu. Wai Dogo mai fenti ya ce da guduma na fara, ita ma ta aro. Direba ya rantse na ce masa a zauren kawuna na fara, babu zancen rumfa. Mai ɗinkin kushin kuwa ta ce aikina na farko kujerar wani likita ce. Kuma kowa daga bakina ya ji, a gaban teburin nan.

Manaja tana dariya: "Baba, wai kamfani nawa ka kafa ne?" Ni ma na yi dariya. Na ce su ba ni zuwa gobe.

Da suka fita na tura ƙofa na zauna. Ina ganin rumfar. Ina ganin zauren ma. Duka biyun da ƙamshin katako. Wallahi ban yi wa kowa ƙarya ba. Kowanne, lokacin da nake faɗarsa, haka nake ganinsa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Uwar yara ce za ta sani. Da tana raye, da tuni ta ce, "Kai dai Maigida, ban da ƙarin gishiri," ta faɗi yadda aka yi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na tafi bayan tasha ni kaɗai, ban ɗauki direba ba. Shagunan waya ne jere, kowanne da kiɗansa. Na tsaya inda nake zaton nan ne, wani ya leƙo ya ce, "Baba, caja kake nema?"

Na kira Yaya. Ta ce, "Ƙanena, ni lokacin ina gidan miji. Abin da na sani kawai, kana zuwa gaishe ni da garin katako a gira." Na ce zarto ko guduma? Ta ce, "Kai da ka riƙe ba ka sani ba, sai ni?"

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Mai shafin ta ce, a hankali, ko a rubuta "ya fara da kayan aiki kaɗan". Kayan aiki kaɗan! Wannan ai labarin kowane kafinta ne. Na ɗaga mata murya, alhali ba ta yi laifin komai ba. Ta ce, "To Baba, wanne za mu sa?" Na ce ta je, zan neme ta.

Ni da na tayar da wurin nan da hannuna, ba digiri, ba uban gida.

Manaja ta daina tsokanata. Wannan ya fi dariyar ciwo. Da yamma ta ce ko za mu je likita ya duba ni, don dai a sani. Na ce lafiyata ƙalau.

Litinin, 3 ga Maris

Shafin ya hau. Ban tambayi wanne suka zaɓa ba.

Yau an ɗauki sabon mai goge katako. Ma'aikata suka taru a gaban teburin kamar kullum, suna jirana. Na ce gwiwata na damuna, Manaja ta ba shi labarin. Gwiwar kuwa da gaske tana damuna.

Ta karanta masa daga waya. Zarto ne, da rumfa, da benci. Ta sa har da yoyon ruwan, da yadda mai kamfanin yake cire rigarsa ya rufe katako, shi ya kwana a jiƙe. Ban tuna na faɗi wannan ba. Ina zaune a kan buhun soso a baya, ban gyara mata ko kalma ɗaya ba.

Na ce mata ta nemo mana ranar ganin likitan, saboda gwiwar.

Labarin dai ya yi daɗi. Allah sarki, mutumin nan ya sha wahala.